Kurakuran da muke yi wajen ƙiyasta ƙananan kifi, daga Gamkalle har bakin teku

Duk safiya a kasuwannin Yamai kifi iri biyu ke haɗuwa kan tebur ɗaya. Ga na kogin Isa da sarkawa suka kwana suna nema, ga kuma na kartan da aka fiddo daga firigo, shinshar da sardin, waɗanda aka kamo a tekun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Talaka da na kartan ɗin yake miya. Shi ya sa, ko da ba mu da teku, lissafin abin da ya rage cikinsa ya shafi tukunyarmu. Na daɗe ina tsayawa bakin ruwa da littafi da sikeli, kuma na lura kurakuran da matasan da nake koya wa aiki ke yi a Gamkalle su ne waɗanda manyan ƙasashe suka yi har suka rasa kifinsu.

Babban cikinsu shi ne a ga jirgi ya dawo cike a ce ruwa lafiya lau. Ƙananan kifi irin su sardin garke suke yi. In an kwashe rabinsu, sauran ba su watsewa, sake haɗuwa suke su dunƙule wuri guda. Mai jirgi da inji, da na'urar gano kifi, da wayar da abokinsa zai kira shi ya ce ga su can, zai tarar da garken nan ya zagaye shi da taru, ya dawo da kaya kamar na bara. Haka zai yi ta yi har ranar da ya zagaye garken ƙarshe. Littafin bakin gaɓa bai nuna komai ba, alhali ruwa ya daɗe da yin fayau. A ƙasar Peru ta Kudancin Amurka an kama ɗan ƙaramin kifinsu fiye da tan miliyan 12 a shekarar 1970. A 1972 ruwan ɗumi da ake kira El Nino ya zo, kifin ya matsu kusa da gaɓa, jirage suka same shi a sauƙaƙe suka ci gaba da ɗiba. Zuwa 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba. Namibiya ma haka ta yi da sardin ɗinta, har ta kai ga hana kama shi ɗungurungum a 2018.

Mu ma mun san wannan a gida. A watan Mayu da Yuni, in kogi ya janye, kifi yakan taru a gurabu masu zurfi, birgi ɗaya, wato wata irin ragar kamun kifi, ya fito da abin mamaki. Yaro sabon shiga sai ya rubuta cewa bana kifi ya yi yawa. Ruwan ne ya ragu.

Wata rana na tambayi wani dattijon basarke yana gyaran kallinsa, wato ragarsa ta kamun kifi, a inuwa. Na ce, "Baba, kifi ya ragu kuwa?" Ya ce, "Ɗana, darona bai ragu ba. Amma da da kalli ɗaya nake cika shi, kafin hantsi ina gida. Yanzu sai da huɗu, kuma idon ragar yatsa biyu ne, da kuwa uku ne." Gyaran kuskuren duka yana cikin amsar nan. Kada a rubuta nauyin kifi shi kaɗai. A rubuta wahalar da aka sha kafin a same shi: raga nawa, tsawonta, idonta yatsa nawa, mutum nawa a jirgi, awa nawa aka yi ana nema, man inji lita nawa. In nauyi yana nan yadda yake amma mai da lokaci sun ninka, kifi ya ragu. A teku ma wannan bai isa ba, saboda halin garken da na faɗa. Dole sai an auna ruwan kansa ba tare da dogaro da masunta ba. Aikin da jirgin binciken nan na Norwe mai suna Dr Fridtjof Nansen yake yi ke nan tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1975: yana bin layi-layi a gaɓar Afirka, yana aika sauti ƙarƙashin ruwa yana sauraron abin da ya dawo, sannan a jefa raga a ga wane kifi ne ya mayar da sautin.

Wani kuskuren ni kaina na yi shi, kuma ya ɓata mani aikin wata guda. Ana so a auna tsawon kifi don a san ko manya ake kamawa ko ƴaƴa. Ni kuwa sai in sa hannu in ɗebi na saman daro. Ban yi la'akari da cewa kowace mai sayar da kifi manyan take jerawa a sama ba. Wata Hajiya da ta daɗe a sana'ar ce ta dube ni ta ce, "Malam, in gaskiyar daro kake so, juye shi." Muka juye kan leda, sai ga ƙasan duk ƴan mitsi-mitsi, wasu ba su kai ɗan yatsa ba. Tun ranar nake juye daro duka, in cakuɗa, in raba tulin huɗu, in auna kashi ɗaya kaf ba zaɓe. Katakon awo kuma a dafa bakin kifin ga tokarin, a tsai da shawara tun farko ko a tsagin wutsiya za a tsaya ko a ƙarshenta, kowa ya bi hakan. Kifi goma cikin waɗanda aka auna a tsaga cikinsu a duba ƙwai. In mafi yawan abin da ke daro bai taɓa yin ƙwai ba, to irin ake ci.

Daga nan sai haɗa kifi daban-daban a suna ɗaya. A bakin tekun Senegal da Muritaniya, kifin da ƴan Senegal ke kira yaboy iri biyu ne: mai jiki mulmulalle, wanda ke son ruwan sanyi yana tafiya mai nisa, da mai jiki falele, wanda ya fi zama kusa da gaɓa. In aka zuba su a layi ɗaya na littafi, ɗaya zai iya ƙarewa ɗayan ya rufa masa asiri. Kwamitin masana na FAO da ke zama kan ƙananan kifin arewa maso yammacin Afirka tun 2001 ya sha faɗin cewa ana kama yaboy fiye da ƙima. A wajenmu abin ya fi muni, don mukan rubuta "ƙananan kifi" mu wuce. Kawara ƙarama ce a halittarta, ko ta tsufa ba ta wuce haka. Ɗan giwan ruwa mai tsawon kawara kuwa jariri ne, kifin da zai iya fin mutum nauyi. Wanda bai raba su ba bai ƙidaya komai ba.

Akwai masu ɗora komai kan yanayi, akwai masu ɗora komai kan masunta. Duka biyun suna aiki tare. Ƙaramin kifi irin sardin gajeren rai gare shi, ƴan shekaru kaɗan, don haka yawansa yana hawa da sauka da abin da shekara ta kawo. A teku iska ce ke tura ruwan sama nesa da gaɓa, na ƙasa mai sanyi mai albarka ya taso ya ciyar da ƴaƴan kifi. A tafkin Tabalak da ke jihar Tawa damina ce. Hatsarin yana cikin shekarar albarka: a nan ake cin bashi a ƙara raga da jirage, in shekarar ƙunci ta zo kayan suna nan, bashin yana nan, sai a dirar wa ɗan abin da ya rage. A yi lissafin abin da za a ɗiba da shekara mai rauni.

Sai abin da ba ya bi ta gaban mai littafi sam. A Nuwadibu na Muritaniya masana'antun garin kifi sun yawaita, kuma kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi ke ba da kilo 1 na gari, wanda ake fitarwa waje don ciyar da dabbobi da kifin kiwo. Wannan yana yi mani ciwo, don abincin mutane ne. In ba a tsaya ƙofar masana'anta an auna ba, lissafin ƙasa duka ya gurgunce. Namu ɓoyayyen kifin shi ne wanda aka sauke kafin asuba, da wanda matan masunta suka kai banda, da na tukunyar gida. Mai zuwa bakin ruwa ƙarfe takwas saura yake tararwa. A riƙa sammako, a kuma zauna da mata masu banda, sun fi kowa sanin abin da ya fito.

Kifi kuma bai san iyaka ba. Yaboy yana kai da komo tsakanin Senegal da Muritaniya da Maroko, namu yana bin kogi daga Mali ya ratsa Ayoru da Yamai da Gaya ya shiga Najeriya. Kowa ya ƙidaya nasa shi kaɗai, kifi ɗaya za a lissafa sau biyu ko uku.

Abin da na fi nanata wa yara a ranarsu ta farko shi ne jirgin da ya dawo wayam. Kowa yana rugawa wajen mai kaya, a bar wanda ya ɗaure jirginsa shiru ya nufi gida. A bi shi, a gaishe shi, a yi masa sannu da aiki, a tambaye shi inda ya je da awa nawa ya yi. Sannan a buɗe littafi a ba shi layinsa cikakke, a wurin nauyi a rubuta 0.