Nassi, Mus'hafi, Linjila: kurakuran da aka fi yi a sunayen littattafan addini

Mai fassara labarai ya ci karo da kalmar Turanci scripture, sai ya rubuta "Alƙur'ani" idan Musulmi ne, ko "Baibul" idan Kirista ne, ya wuce abinsa. Duka biyun sun kuskure. Kalmar ta fito ne daga Latin, scriptura, wato "abin da aka rubuta", kuma ba ta keɓanta da addini ɗaya ba. Mabiya Hindu suna da nasu, Yahudawa suna da nasu. Abin da ya fi kusa da ita a Hausa shi ne "littattafai masu tsarki", ko "nassi" idan ana nufin wata magana da aka ciro daga ciki. Wannan kuskure ɗan ƙarami ne a kan waɗanda muke yi da kalmominmu na gida, waɗanda kowacce tana da abin da take nufi amma mun zuba su a kwando ɗaya.

Mu fara da nassi, don ita ce aka fi wahalarwa. Wasu sun ɗauka nassi sunan littafi ne, wasu kuma sun ɗauka aya ce kawai. A Larabci tushen kalmar yana nuna ɗaga abu sama har kowa ya gan shi, shi ya sa suke kiran dandamalin da ake hawa minassa. Malaman usulul fiƙhu, wato ilimin ƙa'idojin ciro hukuncin shari'a, suka ɗauke ta suka ba maganar da ma'anarta ta fito fili, ba ta karɓar wata fassara ta biyu. A amfani na yau da kullum kuma, nassi ya haɗa aya da hadisi. Saboda haka idan malami ya ce "kawo nassi", ka karanto masa hadisi ingantacce, ka amsa tambayarsa. Wanda ya kawo maganar wani shehi a littafin fiƙhu ya ce nassi ne, shi ne ya kauce. Wannan ƙaulin malami ne, komai girmansa.

Sai Alƙur'ani da mus'hafi. Alƙur'ani, a wurin mafi yawan malamai, daga tushen ƙara'a yake, wato karantawa. Tushe ɗaya ne da "Iƙra'" da ta buɗe Suratul Alaƙ, kuma daga nan Hausa ta sami "karatu" da "ƙira'a". Sunan yana nuni ga abin da ake furtawa, ana ji da kunne, ana haddacewa. An ruwaito Imam Shafi'i yana ganin suna ne tsayayye da ba a ciro shi daga wata kalma ba, amma ra'ayin farko ya fi yaɗuwa. Mus'hafi kuwa takardun ne da aka haɗa tsakanin bango biyu, daga sahifa, wato takarda, jam'inta suhuf. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka rasu, Halifa Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara rubutun a takardu. A zamanin Halifa Usman aka kwafe su aka aika garuruwa, shi ne ake cewa Mus'hafin Usman. Don haka gardin da ya sauke izu sittin da ka yana ɗauke da Alƙur'ani ko da ba shi da takarda ko ɗaya a gafakarsa. Wanda ya ce "Alƙur'anina ya yage", mus'hafinsa yake nufi. Ba zan ce a kama mutum da laifi a hira ba, Hausa ta riga ta saba da wannan, har muna da jam'i, Ƙur'anai. Amma a rubutu, musamman idan ana maganar bugun Warshu da na Hafsu, ko rubutun hannu irin na Barno, "mus'hafi" ta fi dacewa, domin takarda da salon rubutu ne ake magana a kai.

A kula da rubuta kalmar ma. Idan aka rubuta "mushafi" ba tare da alamar rabuwa ba, mai karatu zai furta "sh" irin ta "shanu". Haruffa biyu ne daban, sadi da ha, shi ya sa ake sa waƙafin sama a tsakaninsu. Haka kuma harafin q ba ya cikin baƙaƙen Hausa na boko, ƙ mai lanƙwasa ita ke tsaya masa.

Akwai ladabin baki da ke neman ɓacewa: tsofaffi ba sa cewa sun sayi Alƙur'ani, sai dai su ce sun fanso shi.

Wani kuskuren shi ne kiran fassara da sunan Alƙur'ani, a ce "Alƙur'anin Hausa". Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda fassararsa ta fito a 1979, bai kira aikinsa haka ba, tarjamar ma'anoni ya ce. Da yake sunan yana nufin lafazin da ake karantawa, idan lafazin ya koma wani harshe abin da ya rage shi ne ma'ana gwargwadon fahimtar mai fassara.

Yanzu ɓangaren da maƙwabta suka fi yi wa juna kuskure. Musulmi da yawa suna kiran Baibul gaba ɗaya Linjila. Kalmar Baibul daga Girkanci take, ta biblia, ma'ana "littattafai", jam'i ne tun asali. Tana da alaƙa da biblos, takardar da ake yi da wani irin kara na bakin kogin Nilu, da kuma garin Biblos na gaɓar teku, wanda yau ake kira Jubail a Lebanon. Tarin littattafai ne: 66 a wurin Furotesta, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, Katolika kuma suna da 73. Linjila a cikin wannan tari littattafai huɗu ne kawai, na Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Ita ma asalinta Girkanci ne, euangelion, wato albishir, abin da Kiristoci Hausawa ke kira bishara. Larabawa suka ce al-Injil, mu kuma muka haɗiye "al" ɗin cikin kalmar, ta zama ɓangarenta, muka ce Linjila. Kiristocin Hausa suna kiran tarin duka Littafi Mai Tsarki, kuma cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932. A lura kuma: Linjila a bakin Musulmi wahayin da aka saukar wa Annabi Isa ne, a bakin Kirista kuwa labarin rayuwarsa da koyarwarsa kamar yadda mutum huɗun nan suka rubuta. Muhawara da yawa a bakin titi tana zafi ne saboda kowa yana nufin abu daban da kalma ɗaya.

Attaura ba ta nufin Tsohon Alkawari duka. Daga Ibrananci take, Tora, wato koyarwa ko umarni, kuma a wurin Yahudawa littattafai biyar ne na farko da ake dangantawa ga Annabi Musa. Zabura ta Annabi Dawuda ce, a Baibul waƙoƙi ne 150. Na taɓa jin wani yana bayani wai an kira ta haka ne don mai jin ta yakan zabura ya miƙe. Daɗin baki ne kawai. Zabur kalmar Larabci ce mai nufin rubutaccen abu, "zabura" ta miƙewa kuwa Bahaushiya ce, kamanninsu ne kawai ya zo ɗaya a rubutu.

Haɗiye "al" ɗin nan kuwa bai tsaya kan Linjila ba. Allo daga al-lauh yake, alƙalami daga al-ƙalam. Ita kanta "littafi" al-kitab ce: a ta faɗi, k ta narke cikin t, b ta koma f. Wanda ya ce "littafin Kitabu kaza", kamar yadda ake yawan ji a wa'azi, ya faɗi kalma ɗaya sau biyu, sau ɗaya da Hausa, sau ɗaya da Larabci.