Kurakuran da aka fi yi wajen dasa kiri-kiri a farfajiyar gida

A Katsina da Daura damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a shekara kuma yakan tsaya wajen milimita 600 zuwa 700. Saboda haka duk mai son rufe rairayin farfajiyarsa da tsiro mai rarrafe, don ya rage ƙura da zaizayar ƙasa, da wuya ya sami abin da ya fi kiri-kiri, ciyawar nan da ke bin bakin fadama da gefen rijiyoyi. Juriyarta duk a saiwa take, wadda a ƙasa mai taushi takan nutsa fiye da mita 1, kuma galibin waɗanda ta mutu a hannunsu saiwar suka hana ta yi ba tare da sun sani ba.

Ana fara kuskure tun wajen ɗebo iri. A watan Agusta ko'ina kore ne, sai mutum ya tono gude-gude ko harkiya yana zaton kiri-kiri ce, alhali waɗannan da ɗaukewar ruwa suke mutuwa. Gyaransa shi ne a tona a duba: kiri-kiri tana da farar jijiya mai tauri da tsini da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya lura da inda ta rage da rai a bazara, ya yi wa wurin shaida, ya huta da wannan ruɗani. Lokacin dashe kuma sai damina ta zauna, wajen farkon Yuli, domin ruwan farko yakan sauka ya ɗauke na makonni. A yi tazarar taƙi ɗaya, a binne gaɓa biyu ko uku na kowane reshe, a bar kansa a waje, a danne da ƙafa.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne na ban ruwa, kuma fuska biyu gare shi. Wasu da jin cewa tana jure fari sai su dasa su juya mata baya, alhali a makonni shida zuwa takwas na farko ba ta da saiwar da za ta jure da ita, don haka idan ruwa ya yi kwana uku bai sauka ba dole a ba ta. Wasu kuma, kuma su ne suka fi yawa, kullum da yamma sai su yayyafa mata ruwa da buta, iya abin da zai jiƙa saman ƙasa. Saiwa tana bin lema ne. Idan lemar ba ta wuce tsawon yatsa ba, nan za ta tsaya, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya ƙone ta. Bayan ta kama, gara a shayar da ita sosai sau ɗaya a mako, sannan a soka tsinke a ga ko ruwan ya ratsa taƙi guda.

Inuwa ma tana kashe ta. Ni kaina na yi damina biyu ina dasa ta a gindin darbejiyar gidanmu, tana fitowa siriri-siriri tana ƙarewa, ina ɗora laifin a kan gara, kafin na gane cewa tana bukatar rana ta kusan awa shida a yini. Ɗanyen takin awaki kuwa irin ƙarangiya yake kawowa. A bari ya ruɓe tukuna, a kuma killace wurin daga awakin kansu har ciyawar ta haɗe.

Idan hunturu ya shigo takan bushe ta koma launin ƙasa, sai a ga maigida ya sa an bi ta da fartanya an kankare, yana cewa ta mutu. Kafin a yi haka, a tono jijiya ɗaya a karce ta da farce: idan cikinta fari ne da danshi, tana nan da ranta, ruwan farko zai tashe ta. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne yaɗonta, domin idan ta shiga kwamin alayyafo ko na tumatir, kowane guntu da ya rage sai ya sake tsirowa, shi ya sa ake binne bulo ko tsohon kwanon rufi zurfin santimita 30 a iyakarta tun ranar dashe.

Akwai masu maye gurbinta da duman rafi saboda kyan furensa da saurin rufe rairayi. Yana yin aikin, amma gidan da ake kiwo bai dace da shi ba, domin tumaki da awakin da suka ci ganyensa da yawa sukan kamu da karkarwa da tangaɗi.