Allurar gyaran fuska: kurakuran da aka fi yi, da wanda ya kamata a nufa idan ta kawo matsala

Allurar da ake yi don goge tamoji a goshi da gefen ido ta fara shiga hirar mata a Damagaram, musamman gabanin biki, kuma wasu sukan yo ta a Kano ko Yamai ko Dubai su dawo gida. Abin da ya fi damuna shi ne, ana tambayar farashi da kyawun sakamako, amma ba a cika tambayar wanda zai ɗauki nauyin mace idan fuskarta ta ɓaci ba.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar cewa duk allurar iri ɗaya ce. Akwai ta botulinum, wadda aka fi sani da sunan Botox, da Amurka ta amince a yi kwalliya da ita a shekarar 2002. Aikinta sanyaya tsokar da ke tattare fata, tana fara aiki bayan 'yan kwanaki, ta kai ƙarfinta a mako 2, ta gushe bayan wata 3 zuwa 4. Akwai kuma ta ciko, irin su Juvederm da Restylane, wadda ake ɗura wa kunci ko leɓe don su cika. Illolinsu daban, maganinsu daban. Macen da ta je asibiti tana cewa "allurar gyara aka yi mini" ba tare da sanin sunanta ba ta bar likita cikin lalube. Kafin a taɓa fuskarki, ki ga kwalbar da idonki, ki ɗauki hoton sunanta da lambarta da ranar lalacewarta, ki kuma rubuta ranar da aka yi miki.

Na biyu, kuma shi ne uwar sauran, miƙa fuska ga mai gyaran amare ko mai shagon kitso don kawai an ga hotunan aikinta a WhatsApp. Iya tsira allura ba shi ne sanin fuska ba. Ƙarƙashin fatar da ke tsakanin gira da kan hanci akwai jijiyoyin jini masu haɗuwa da na ido, kuma idan ruwan ciko ya shiga ɗaya daga cikinsu yana iya toshe ta, fata ta mutu, ko ido ya makance. Wanda ya cancanci yin wannan aiki likita ne da ya sami horo a kai, kamar likitan fata ko na tiyatar gyaran jiki, wanda yake ajiye da maganin hiyaluronidas mai narkar da cikon hiyaluronik, wato irin na Juvederm da Restylane. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana da shi a wurin. Idan ya ce babu, ki tashi. Silikon da sauran cikon dindindin kuwa babu allurar da ke narkar da su, don haka a guje su gaba ɗaya.

Akwai kuma maganar ajiya. Botox a firigo yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, kuma duk wanda ya san zafin watan Afrilu da Mayu a garin nan, da yadda wuta ke ɗaukewa, ya san abin da zai sami kwalbar da aka ɗauko a jakar hannu. Jabu ma yana yawo; a 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun yi gargaɗi bayan an kwantar da mutane a asibiti saboda shi.

Wasu suna ɓoye wa mai allurar halin lafiyarsu. Mai juna biyu da mai shayarwa su dakata. Mai ciwon raunin tsoka kada ta kusanci botulinum, kuma wadda ake yi wa allurar jantamisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta faɗa, domin tana ƙara masa ƙarfi. Asfirin yana ƙara taruwar jini a wurin da aka tsira.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an yi allurar. Ɗan kumburi, ja, ko ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani. Fatar ido da ta sauko ko gira da ta karkace bayan Botox tana tayar da hankali, amma takan koma daidai cikin makonni, kuma likita yana da maganin ɗigawa a ido da ke ɗan ɗaga ta. Murza wurin a ranar farko kuwa yana iya tura maganin inda ba a nufa ba. Sai dai akwai alamomin da ba a kwana da su: zafi mai tsanani, fata ta yi fari fat ko ta yi dabbare-dabbare, gani ya dushe ko abu ɗaya ya zama biyu, murya ta sauya, haɗiya ko numfashi ya yi wuya. A nan kunya ke kashe mutane. Mace ta ɓoye wa maigida, ta lulluɓe fuska da mayafi, tana shafa man kaɗanya da ruwan ɗumi, tana aika saƙo ga wadda ta yi mata tana jin "ki yi haƙuri, zai baje". Toshewar jijiya aikin sa'o'i ce, ta ido kuwa ta mintuna. A nufi sashen gaggawa na Babban Asibitin Ƙasa na Zinder nan take, da hoton kwalbar a hannu, a faɗi gaskiyar abin da aka yi, sannan a kira wanda ya yi allurar ya yi wa likita bayani.

Wadda za ta yi tafiya don wannan aiki ta tuna cewa daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne. Kada ta kamo hanya washegari. Ta zauna 'yan kwanaki kusa da likitan, ta karɓi takardar abin da aka yi mata da lambar da za a same shi ko da dare, kuma kada ta sa ranar allurar ƙasa da mako 2 kafin biki.