Shawara ga masu rubuta soyayyar aljani da bil'adama

'Yan uwa marubuta don Allah in saurayin nan aljani ne kar ku bari sai shafi na 40 ku jefo mana kwatsam, ku dinga dasa alama tun farko. Kullum sai bayan magariba yake zuwa zance, ya tsaya gindin tsamiya, ba ya sallama, karen maƙwabta na hango shi ya hau haushi, ko an shimfiɗa masa tabarma ba ya cire takalmi (kofato ne ai). Kar ku yi bayani, mai karatu zai haɗa da kansa. Ita kuma budurwar, haba, kukan ya isa haka, wadda ta kasa haɗa ido da shi da farko ita ya kamata daga baya ta ce malam cire takalmin nan in gani.