Yadda Ake Ziyartar Ganuwar Suomenlinna a Tekun Helsinki

Suomenlinna ganuwa ce ta duwatsu da aka gina a kan tsibirai a bakin tekun Helsinki, babban birnin Finland. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma a buɗe take duk shekara, domin unguwa ce da mutane kusan 800 ke zaune a cikinta. Abin da ke ɓata wa baƙo ziyara bai wuce uku ba: tikiti, sutura, da juyawa tun daga bakin tasha ba tare da an kai ƙarshen tsibirin ba.

Jirgin ruwan da ke kai mutane can yana tashi ne daga Kauppatori, kasuwar bakin ruwa da ke daf da fadar shugaban ƙasa, kuma tafiyar kamar minti 15 ce. Jirgin yana cikin tsarin sufurin birni na HSL, saboda haka tikitin shiyyar AB da ake hawa bas da tarago da shi yana aiki a nan ma. A saya kafin a shiga, ko ta manhajar HSL a waya ko a na'urar da ke tashar. Wanda masu duba tikiti suka kama babu shi, tara mai tsoka ce. Tikitin tafiya ɗaya wa'adinsa gajere ne, zai ƙare kafin a gama yawo, don haka ko dai a sayi wani na dawowa ko kuma a yanki na kwana ɗaya a huta. Lokacin bazara akwai kuma jiragen kamfani masu zaman kansu, su kuwa ba sa karɓar tikitin HSL. Wanda bai lura ba sai ya biya kuɗi sau biyu.

Iskar teku ba ta wasa. Ko a watan Yuli a riƙe rigar sanyi mai tare iska. A hunturu jirgin na ratsa ƙanƙara, hanyoyi na santsi, kuma a Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 3, sai a yi sammako. Takalmi ya zama mai faɗin ƙasa, domin yawancin hanyar duwatsu ne aka jera, masu wahalar da keken jarirai da takalmi mai tsini.

Da an sauka za a ga dogon bariki mai launin ruwan hoda da hasumiyar agogo. A nan ofishin baƙi yake, a karɓi taswira, a wuce ta ƙofar da ke ƙarƙashin hasumiyar. Daga nan a bi alamu masu launin shuɗi. Hanyar tana da tsawon kilomita 1.5 zuwa Ƙofar Sarki, tsohuwar ƙofar ganuwar da ke can ƙarshen kudu, amma da tsaye-tsaye da dawowa a ware awa 3 zuwa 4.

Abu na farko a hannun hagu coci ne da Rashawa suka gina a 1854. A ɗaga kai a dubi ƙololuwarsa: fitilar jagorar jirage ce, tana walƙiya sau huɗu a jere, wato harafin H a rubutun Morse, farkon sunan Helsinki. Gaba kaɗan, kafin gada, akwai gidan tarihin Suomenlinna da ke aiki duk shekara. Ya kamata a shiga kafin a ci gaba, in ba haka ba sauran wurin zai zama tulin duwatsu kawai a ido. Suwidin ce ta fara ginin ganuwar a 1748 don tare Rasha, a ƙarƙashin jagorancin Augustin Ehrensvärd. A 1808 dakarun ciki suka miƙa wuya ga Rashawa, waɗanda suka riƙe wurin fiye da shekara ɗari. Jiragen ruwan yaƙin Ingila da Faransa sun yi masa ruwan wuta a 1855 lokacin yaƙin Kirimiya. Bayan Finland ta sami 'yanci aka raɗa masa sunan yanzu a 1918, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991.

Tsallake gadar, sai babban tsakar gida inda kabarin Ehrensvärd yake, da kwalkwalin yaƙi na tagulla a kansa. Kusa da shi akwai dandamalin leƙa tsohon ramin gyaran jirage na ƙarni na 18, wanda har yanzu ake ajiye jiragen katako a ciki. Jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Vesikko yana gefen gaɓa, amma a bazara kaɗai ake shiga, kuma cikinsa matsattse ne ƙwarai.

Kustaanmiekka, can ƙarshen kudu, shi ne wurin da ya fi cancantar wahalar. Akwai tudun ƙasa da ciyawa ta lulluɓe, da manyan igwa na zamanin Rasha suna fuskantar teku, da ramukan cikin ganuwa. Ramukan duhu ne, rufinsu gajere, ƙasa kuma da danshi, sai a kunna tocilar waya a sunkuya. Yawancin saman ganuwar babu shinge, kuma faɗuwa daga nan ba ƙaramin abu ba ne, don haka hannun yaro kada ya bar na babba. Da yamma manyan jiragen da ke zuwa Stockholm na bi ta ƙaramin mashigin da ke gaban Ƙofar Sarki, kusa har ka ce za su goga dutse.

Akwai kantin kayan masarufi kusa da tashar jirgi, da wuraren cin abinci da yawancinsu ke rufewa ko rage lokaci a hunturu. Mai kiyaye halal ya tambayi abin da ke cikin nama, ko ya zaɓi miyar kifin salmon. Mai salla ya taho da dardumarsa, filayen ciyawa suna da yawa. An hana hura wuta da gasa nama a ko'ina, an hana shiga farfajiyar gidajen mazauna da harabar makarantar sojan ruwa. Kafin a bar tasha a ɗauki hoton jadawalin jirgi, domin da dare da kuma hunturu tazarar da ke tsakanin jirage kan kai awa guda.