Darasi na Bakwai: Kare Amfanin Gona Daga Funfuna Ta Hanyar Amfani da Ƙwayoyi Masu Rai

Yawancin cututtukan da ke ruɓar da saiwa, da masu sa tsiro ya yi yaushi ya kwanta tun yana ƙarami, funfuna ce ke kawo su. Manoma sun saba yaƙar ta da maganin feshi na sinadari, amma idan aka daɗe ana fesa iri ɗaya, funfunar kan saba da shi har ya daina kashe ta, ga kuma haɗarin da yake da shi ga mai feshi da ruwan sha.

Ba kowace funfuna ce abokiyar gaba ba. Akwai wata mai launin kore da ke zaune a cikin ƙasa, ana kiran ta Trichoderma, wadda masani Richard Weindling ya nuna a shekarar 1932 cewa tana cin 'yan'uwanta masu jawo cuta. Tana nannaɗe jikin mai cutar, ta narkar da fatarta, sannan ta mamaye kewayen saiwa ta cinye abincin da ke wurin, har mai cutar ta rasa wurin zama. Haka kuma akwai bakteriya mai suna Bacillus subtilis, wadda ke fitar da wasu sinadarai da ke hana funfuna yaɗuwa a saiwa da ganye. Ana sayar da su a matsayin gari ko ruwa.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce gauraya iri da garin kafin shuka. A ɗan jiƙa irin, a zuba adadin da aka rubuta a jikin fakiti, a juya har kowace ƙwaya ta samu, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Masu dashe kuwa sukan tsoma saiwar tsiron a ruwan da aka dama garin. Wasu na cakuɗa shi da ruɓaɓɓen taki mai laima, su rufe na wasu kwanaki domin ya hayayyafa kafin a kai gona.

Ga masara da gyaɗa akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta samar tare da ma'aikatar noma ta Amurka. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗiya, ɗauke da wata funfuna marar guba da ke korar 'yar'uwarta mai haifar da gubar aflatoksin, gubar da ke lalata hanta. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure, lokacin da ƙasa ke da danshi.

Abin da ya fi muhimmanci ku riƙe shi ne, waɗannan magunguna suna da rai, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asara. Zafin rana na kashe su, don haka a ajiye su a wuri mai sanyi, a duba ranar ƙarewar wa'adinsu kafin a saya, a kuma yi feshi da sassafe ko da yamma. Kada a haɗa Trichoderma da maganin funfuna na sinadari a tanki ɗaya, domin ita ma funfuna ce, maganin zai kashe ta. Aikinsu rigakafi ne. Wanda ya jira har cuta ta cinye rabin gona sannan ya nemo su, ba zai ga abin da yake so ba, kuma bai kamata ya ɗora wa maganin laifi ba. A irin wannan hali a nemi shawarar malamin gona.

Aikin gida: ku raba ƙaramin fili gida biyu, ku shuka irin da aka gauraya a ɗaya, wanda ba a gauraya ba a ɗayan. Bayan mako uku ku ƙirga tsiron da ya rayu a kowane ɓangare, ku rubuta adadin a littafinku, ku kawo aji.