Kurakuran masu auna tallafin dangi kan kula da haƙora tsakanin 'yan asalin Meziko

Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya turo mini takardar tambayoyinsa in duba, kuma kurakuran iri ɗaya ne kamar an haɗa baki. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban cikinsu ni ma na tafka shi. Lokacin da na fara tattara bayanai tsakanin 'yan asalin Meziko a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, na ɗauko ma'aunin MSPSS na Zimet da abokan aikinsa, mai auna tallafin da mutum ke jin yana samu, wanda ya fito a 1988. Tambayoyi 12 ne kan dangi, abokai da wani makusanci, ana ba da maki daga 1 zuwa 7. Ma'auni ne mai kyau, amma ba don haƙori aka yi shi ba. Abin da yake tambaya shi ne ko danginka na ƙoƙarin taimakonka, ko kana da wanda za ka kai wa kukanka. To wa zai ce a'a a cikin mutanen da suka ɗauki zumunci da girma har suna da sunan da ake kiransa, familismo? Kusan kowa 6 ko 7 ya zaɓa. Da na zauna gaban kwamfuta sai na tarar lambobin duk sun cunkushe a sama, mai goge baki safe da dare da wanda rabonsa da likitan haƙori ya fi shekara goma makinsu ɗaya. Watannin da na yi ina yawo, kuɗin mai, ladan tafinta, duk sun bi ruwa.

Wata mata ce mai aiki a rumbun shirya latas ta buɗe mini ido. Ta ba danginta cikakken maki, amma duk sanda za ta yi dariya sai ta sa hannu ta rufe baki. Turmin haƙorinta ya daɗe yana ciwo. Motar gidan ɗaya ce, maigidan ke fita da ita tun asuba. Ƙawarta, wadda take kira comadre, ita ta ba ta kanumfari ta riƙa dannawa a wurin. Ana ƙaunarta a gida ba shakka, sai dai ba wanda ya taɓa cewa tashi in kai ki asibiti.

Tun daga nan nake raba tambaya gida-gida. Goge baki daban, amfani da zaren sakace daban, zuwa wurin likita daban. A kowanne ina tambayar wane ne: dangi, abokai, ko ma'aikatan lafiya, har da promotoras, matan unguwa da ake horarwa su wayar da kan jama'a. Sannan me ya yi? Masanin zamantakewa James House ya kasa tallafi kashi huɗu tun 1981: kwantar da hankali, taimakon zahiri kamar kuɗi da mota, ba da bayani, da nuna wa mutum inda ya gyara ko ya ɓata. "Wa ya sayo buroshi da man goge baki?" ta fi mini amfani sau goma a kan "ana kula da kai?"

Na biyu shi ne mantawa da iyakar Amurka da Meziko, kuma wannan yana ba ni haushi ƙwarai, don lalaci ne kawai. Ku duba taswira mana! Los Algodones na kusa da Yuma ta jihar Arizona, ƙaramin gari ne a Meziko da likitocin haƙori suka cika shi. Tijuana na manne da San Diego, Ciudad Juárez na kallon El Paso. Medicare na asali, inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, ba ya biyan kuɗin kula da haƙori na yau da kullum, Medicaid kuwa, ta masu ƙaramin ƙarfi, kowace jiha da tsarinta ga manya. Kalifoniya ma ta yanke yawancin wannan tallafi a 2009, sai 2018 ya dawo gaba ɗaya. Don haka mutane da yawa tsallakawa suke yi zuwa Meziko inda ya fi araha. In takardarku ta tsaya kan asibitin unguwa, za ku rubuta mutum bai taɓa ganin likita ba alhali an yi masa ciko watan jiya a can. Kuma a wannan tafiyar ce tallafin yake: ɗan'uwan da ya tuƙa, surukar da ta riƙe yara, wanda ya ranta kuɗin. Ku tambayi ina aka je, da wa aka je.

Fassara kuma, a daina dogara da juya takarda zuwa Sifaniyanci a sake juyo ta Turanci a ce an gama. Ni sai na zauna da mutum biyar ko shida, in karanta tambaya, in ce su faɗa mini da bakinsu abin da suka fahimta. Wasu za su ce wannan bai isa ba. Ni dai ya sha fitar da ni kunya. Kada kuma ku ɗauka kowa Sifaniyanci ne harshensa, akwai leburorin gona 'yan jihar Oaxaca ta Meziko da suka tashi da harshen Mixteco ko Triqui.

Saura ƙanana. Kada a zuba ɗan Meziko da ɗan Kyuba da ɗan Puerto Rico a kwando ɗaya. Babban binciken HCHS/SOL, kan lafiyar 'yan asalin Latin Amurka mazauna Amurka, da ya ɗebi mutum sama da 16,000 daga 2008 zuwa 2011 ma sai da ya bambance asalinsu. A rage tambayoyin "na yarda, ban yarda ba", kara kan sa mutum ya yi ta amsa maka da e; "sau nawa" ta fi. Alfa ta Cronbach, lambar da ke nuna yadda tambayoyi suka dace da juna, ta haura 0.9 ba abin tsalle ba ne, wataƙila tambaya ɗaya kuka yi ta sake wa riga. Mita ma a tambaye ta daban, don abin da matar gida ke kira tunatarwa, maigida na iya jin sa a matsayin takura.

Kuma don Allah, kada ku tambayi mace ko mijinta na taimaka mata alhali yana zaune a kujerar gefe yana saurare. Ni kan nemi mu koma bakin ƙofa ko tsakar gida, in bai yiwu ba in sa wata rana.